Me ya sa duk kwamfutar da ta shigo shagona Windows ce?

Sana'ata gyaran kwamfuta da buga takardu, a nan Maradi kusa da babbar kasuwa. Yawancin injinan da ake kawo mani na gwanjo ne, HP da Dell da Lenovo, kuma da Windows ɗinsu suke zuwa tun daga kamfani. Abin ya samo asali da nisa. A 1981 IBM ta fito da kwamfutarta da DOS, manhajar Microsoft da Windows ta gada daga baya, Microsoft kuwa ta riƙe ikon sayar da manhajar ga duk mai ƙera inji. Tun lokacin mai saye ba ya zaɓe, abin da ya kunna ya tarar shi yake koyo.

Ni dai ina ƙaunar Linux, wanda shi ma yake tafiyar da kwamfuta kamar Windows. Linus Torvalds ya fara shi a 1991, kowa na iya ɗauka kyauta, ya leƙa cikinsa, ya gyara. Sai dai kyautar ba ta jan kowa a garinmu, don da wuya ka ga wanda ya taɓa cire kuɗi daban ya sayi lasisin Windows.

Inda gizo ke saƙar shi ne takarda. Ɗalibin Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo zai kawo kundin da ya rubuta a Word, a buɗe da LibreOffice, madadin Word a Linux, sai layuka su goce, shafi ya ƙaru, ga shi gobe zai miƙa wa malaminsa. Mai katin biki CorelDraw da Photoshop ya sani, kuma yanzu ba a yin su don Linux. Masu manhaja suna bin inda jama'a take, jama'a na bin inda manhaja take.

Abin da ke ci mani rai yanzu, ran 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta daina kula da Windows 10, Windows 11 kuma tana neman TPM 2.0, wani sashen tsaro a cikin inji, wanda tsofaffin injinan nan da yawa ba su da shi. Inji lafiyarsa lau! Irin waɗannan nake sa wa Linux Mint, wani nau'in Linux. Na ce wa wani ɗan kasuwa: "Alhaji, Android ɗin da ke aljihunka ma kan Linux aka gina shi." Ya ce: "To, in ya tsaya ba ka gari, wa zan kira?"

Tambayarsa na kan hanya. Shi ya sa yaran shagona duka biyun nake koya masu Linux, kuma duk wanda na sa wa Linux sai ya zauna ya buga takarda guda a gabana kafin ya ɗauki injinsa.