Dala 650 ɗin da na faɗa wa Alhaji

Ranar da na fara aiki a wani shagon kayan kamun kifi a garin Bozeman na jihar Montana a Amurka, abin da matar da ke kula da shagon ta fara nuna min wata takarda ce da aka manna a jikin kanta kusa da waya. Yini guda dala 650, rabin yini dala 500. Ta ce in an bugo ana tambayar nawa ake ɗaukar ɗan jagora, wato mai raka baƙi kamun kifi a kogi, toh ga amsar nan, sauran bayani zan koya a hankali. Ni kuma akanta nake karantawa, aikin sanin makama ne ya kai ni wajen na wata uku a 2023, sai na ce a raina ai wannan ko ɗan firamare zai riƙe, lamba biyu ce kacal.

Bari in fara faɗin wane irin su ne wannan, don ni ma da na je ban gane kansa ba. Fatsa ce, amma ba a soka tana a bakin ƙugiyar. Gashin tsuntsu da zare ake naɗawa a jikin ƙugiya har ta koma kamar ƙwaro, kuma tunda ƙwaron ba shi da wani nauyi, igiyar ce mai nauyin, ita ake kaɗawa a sama gaba da baya kamar mai wasa da bulala har ta miƙe ta ajiye ƙwaron a kan ruwa a hankali yadda kifi zai zaci na gaske ne ya faɗo. Kifin da suke bi ana ce masa tirawut, kifin ruwan sanyi ne. Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne in sun kama sai su ɗauki hoto su mayar da shi ruwa. Kawuna masunci ne a wajen Haɗeja, da na ba shi labari a waya ya yi shiru, can ya ce "kai ɗan nan, to in sun sake shi me suka saya da kuɗin nasu?" Har yau ban ba shi amsar da ta gamsar da shi ba.

Sati na uku da fara aiki, a cikin Yuli, wani saurayi ya bugo daga Denver yana son ya kawo mahaifinsa da ya zo masa ziyara daga Najeriya. Da ya ji sunana sai ya juya harshe, kafin in ankara ya miƙa wa baban wayar. Wallahi daɗin da na ji a ranar ba ya misaltuwa, wata nawa ban yi Hausa da kowa ba sai ta WhatsApp. Muka gaisa, ya gida ya iyali ya baƙunta, sannan Alhaji ya ce "toh ɗana, nawa za ka yi mana?" Na ce ranka ya daɗe 650 ne yini. Ya taya 500, na ce ai nan ba a tayi, ya yi dariya ya ce babu inda ba a tayi a duniya. Daga ƙarshe ya ce "toh shi kenan, amma komai da komai ke nan ko?" Ni kuma don kar in zama kamar ina ta ƙara wa dattijo kuɗi, kuma gaskiya ban ma san sauran ba sosai, na ce komai yana ciki ranka ya daɗe.

Wannan kalmar ta "komai" ita ta jawo min duk abin da ya biyo baya.

Ranar da suka iso ƙarfe bakwai na safe sai na ga mutum uku sun fito daga mota, Alhaji da ɗansa da wani abokinsa. Gumi ya karyo min duk da sanyin safiyar. Kwalekwalen da ake shiga da shi kogin Madison mutum biyu masu fatsa yake ɗauka, ɗaya a gaba ɗaya a baya, ɗan jagoran yana tsakiya yana tuƙi da filafili biyu. Kuɗin nan na 650 na jirgin ne, ko kai kaɗai ne ko ku biyu haka za ku biya, shi ya sa mutum biyu suka fi samun sauƙi, amma na uku sai an nemo wani jirgin da wani ɗan jagoran, wato wata 650 ɗin. Ni ban tambaye su su nawa ba ne. Allah ya taimake ni abokin ya ce shi dama ruwa ba ya burge shi zai zauna ya zaga gari, amma na ga yadda Alhaji ya kalle ni.

Tsugune ba ta ƙare ba. Aka zo maganar lasin. A Montana duk wanda ya kai shekara 12 ba ya jefa ƙugiya a ruwa sai da lasin gwamnatin jiha, kuma ba takarda ɗaya ba ce, akwai lasin kamun kifin kansa, akwai na kiyaye muhalli, akwai wani na hana shigo da baƙin halittu masu ɓata ruwa, a lokacin in ka haɗa wa baƙo na kwana ɗaya ya ɗan haura dala 30 kowane mutum. Wannan kuɗin ba na shago ba ne, kuma ba ya cikin farashin ɗan jagora. Sai hayar wandon roba mai kamawa har ƙirji da takalminsa, wasu shagunan suna bayarwa kyauta ga wanda ya ɗauki jagora, namu sai an biya. Alhaji yana ciro kati yana cewa "ɗana, wannan komai ɗin naka dai yana da 'ya'ya." Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Abinci kuwa yana cikin kuɗin yini guda, ɗan jagora ne ke zuwa da shi a kula tare da ruwa da lemo. Sai dai abin da suka saba sawa a burodi sau da yawa naman alade ne, ni da ya kamata in fi kowa tuna wannan ban faɗa ba. Da gudu na je kanti na sayo na kifin gwangwani da kuɗin aljihuna.

Wanda ya ɗauke su wani dattijo ne da ya yi shekaru sama da ashirin yana wannan aikin, mutum marar surutu, fuskarsa duk rana ta ƙone ta sai zagayen tabarau ne fari. Da yamma suka dawo Alhaji sai fara'a yake, ya kama kifi huɗu, ɗansa ya kama bakwai, har bakin gaɓa dattijon ya tsaya musu suka yi azahar. Da za su tafi Alhaji ya zaro dala 20 ya miƙa masa ya ce a sha ruwa. Dattijon ya karɓa ya yi godiya, bai nuna komai ba. Ni ma sai na ga ai Alhaji ya kyauta, tunda a wajenmu tukuici ganin dama ne, abin da ya sawwaƙa, ba wanda zai lissafa maka shi.

Bayan an rufe shago ina share ƙasa matar nan ta tambaye ni me na gaya wa baƙin game da tukuici. Na ce ban ce komai ba. Ta ce abin da aka saba shi ne kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na kuɗin yinin, wato a kan 650 mutum ya ba da tsakanin 100 da 130, kuma a hannu ake ba ɗan jagoran. Na ce haba, mutum ya biya 650 kuma a ce sai ya ƙara, ai wannan son kuɗi ne. Ba ta yi min musu ba, cewa ta yi gobe in je in taya dattijon wanke jirgi.

Washegari ina riƙe da tiyo yana goge laka, na ba shi haƙuri na ce laifina ne. Ya ce ba komai, ba yau aka fara ba. Sai na yi ta maza na tambaye shi nawa ne nasa a cikin 650 ɗin. A nan ne na yi karatun akantar da ba a koya min a aji ba. A dokar Montana ɗan jagora ba ya ɗaukar baƙo da kansa, dole ya kasance ƙarƙashin mai lasin shirya irin waɗannan tafiye-tafiye, shi ke da inshora da izinin shiga kogunan, saboda haka tun farko shago ya cire kasonsa. Abin da ya rage a ciki ne zai sayi man mota, kuma motar tasa ce, babbar a-kori-kura mai jan tirela, daga Bozeman zuwa wajen garin Ennis inda ake shiga Madison tafiyar kusan awa guda ce. Jirgin ma nasa ne, sabo ya wuce dala dubu goma. Abincin baƙi shi ke saye. Sannan akwai wani kuɗin da ban taɓa tunaninsa ba, tunda kogi gaba yake tafiya, inda ka shiga ba nan za ka fita ba, sai ka biya wasu mutane su tuƙo maka mota da tirela su kai inda za ka fito, kullum kusan dala 40. Ya buɗe min akwatin ƙwarinsa, layi-layi kamar allurai, kowane ɗaya dala biyu zuwa uku, ya ce sabon shiga yana iya bar masa goma a jikin bishiyoyi da duwatsu kafin azahar. Alhaji shi kaɗai ya tsinka tara.

Kuma ba awa takwas ɗin da baƙo ya gani ne aikin ba. Ya tashi tun asuba ya haɗa kaya, ya dawo ya wanke jirgi, dare ya zauna yana naɗa ƙwarin gobe. Ga lokacin aikin gajere, a Mayu zuwa Yuni ƙanƙarar kan duwatsu tana narkewa yawancin koguna su cika su yi jawur da laka, daga ƙarshen Oktoba kuma sanyi ya kori baƙi. Abin da ya tara a 'yan watannin nan shi zai ci har shekara ta zagayo, babu albashi babu fansho. Toh ka ga dalar nan 100 da na kira son kuɗi, a lissafinsa tana cikin ladan aikin tun farko, kawai ba a rubuta ta a takardar jikin kanta ba ne. Ni har yanzu ra'ayina da sun haɗa komai sun rubuta lamba ɗaya da an huta, wannan al'adar tasu ta ɓoye rabin lada a cikin kyauta ba ta yi min ba, amma ba a kan dattijon ya kamata in huce ba.

Daga nan na dinga tambaya kamar marar kunya, sai ga wasu 'ya'yan "komai" suna ta fitowa. Wanda yake son kamun kifi a cikin gandun dajin Yellowstone lasin Montana ba ya yi masa aiki, gandun yana da nasa izinin daban ga kuma kuɗin shiga ƙofa. Kogunan Montana tun dokar 1985 kowa na iya shiga matuƙar bai haura iyakar da ruwa ke kaiwa in ya cika ba, amma akwai wasu ƙoramu masu fitowa daga ƙasa a kudu da garin Livingston da ke cikin gonakin mutane, su sai ka biya masu gonar kuɗin sanda, wato na izinin yin fatsa a wajen, kowane mutum, a tsakiyar kakar yana haura dala 100, kuma a kan kuɗin ɗan jagora ake ɗora shi. Wasu shagunan kuma ƙwarin da ka tsinka sai an lissafa maka da yamma.

Maganar kafin alƙalami ma ta sha haɗa ni faɗa da mutane. Mu rabin kuɗin muke karɓa kafin a riƙe maka rana, in ka soke da wuri a mayar maka, in ka bari sai saura 'yan kwanaki ya tafi, don ranar nan an riga an hana wani. Ruwan sama ba ya sa a fasa, suna ma cewa ranar hadari kifi ya fi ci. Zafi ne ke canza tsari, in ruwan kogi ya yi ɗumi ya kai kusan digiri 23 kwana uku a jere hukumar jiha tana hana kamun kifi daga ƙarfe biyu na rana zuwa sha biyun dare don kifin yana mutuwa in an wahalar da shi, sai a koma fita da duku-duku a dawo da wuri, kuɗin kuma yana nan yadda yake. In kuwa shago ne ya soke, kamar yadda suka yi ta ba ni labarin ambaliyar kogin Yellowstone ta Yunin 2022, toh a nan ne ake mayar maka ko a ɗaga maka rana. Kuma babu wanda zai yi maka alkawarin kifi, ko ka dawo hannu rabbana biya za ka yi cif, wannan kam ko kawuna ya yarda da shi, ya ce ruwa ba ya rantsuwa.

Kwana biyu ina juya abin a raina kafin na kira ɗan Alhaji, na ce masa ni na yi kuskure, na warware masa komai. Bai ce uffan ba ya miƙa wa baban. Alhaji ya saurare ni har na gama, sannan ya ce "ɗana, ka sa na ci haƙƙin bawan Allah da ya yini yana tuƙa ni a rana, kai kana jin kunyata ni kuma ka kunyata ni." Ban iya cewa komai ba sai a yi haƙuri ranka ya daɗe. Bayan sati guda ambulan ta iso shago da dala 150 a ciki da sunan dattijon a baya. Da na miƙa masa ya juya ta ya kalle ni ya ce a shekarunsa ashirin da wani abu ba a taɓa biyo shi da tukuici ta gidan waya ba.

Takardar jikin kanta kuwa na nemi izini na sake rubuta ta, ta koma shafi guda cur. Tambayar farko a sama, kafin a ambaci ko dala ɗaya, ita ce ku nawa ne, ta biyu kuma akwai abin da ba kwa ci.