Nungwi: Bakin Tekun da Ake Bin Wata Kafin a Bi Agogo

Daga filin jirgin saman Abeid Amani Karume na Zanzibar zuwa Nungwi, can ƙuryar arewacin tsibirin Unguja, tafiyar kusan kilomita 60 ce, kuma mun yi ta cikin awa ɗaya da rabi a tasi. Mai son rangwame yana iya shiga daladala, wato motar haya ta gama-gari, mai lamba 116 daga Darajani a cikin birnin Zanzibar, sai dai tana tsayawa a kowane ƙauye, ga lodi, don haka ba ta mai manyan akwatuna ba ce. A yanke kuɗin tasi kafin a shiga.

Takardu uku na ga suna tsayar da mutane tun a filin jirgi. Biza, wadda gara a nema ta intanet tun da wuri. Katin rigakafin cutar shawara, wanda ake tambayar duk wanda ya fito daga Najeriya ko Nijar. Sai inshorar dole da gwamnatin Zanzibar ta ɗora wa baƙi tun 1 ga Oktoba 2024, dala 44, ko da kuwa mutum yana da wata inshorar daga gida.

Abin da na fara koya a Nungwi shi ne duba jadawalin ruwa. Teku na cika ya janye sau biyu a yini, kuma lokacin na matsawa da kusan minti 50 kullum. A gabashin tsibirin, wuraren Paje da Jambiani, in ruwa ya janye sai ka yi tafiya mai nisa a kan laka kafin ka same shi. Nungwi da maƙwabciyarta Kendwa suna da zurfi kusa da gaɓa, shi ya sa ake wanka a kusan kowane lokaci, shi ya sa kuma otal-otal da gidajen abinci suka yi cincirindo a nan. Duk da haka ruwan na da hukuncinsa. Tsakanin Nungwi da Kendwa kusan kilomita 3 ne a kan farin yashi, amma sai ruwa ya janye ake bi. In ya dawo, yana kaiwa har gindin duwatsun murjani masu kaifi, hanya ta toshe. Wanda ya tafi da rana bai lissafa ba, da babur ko tasi zai dawo ta titin baya. Akwai kuma wata baƙar halitta mai ƙayoyi kamar bushiya da ke laɓewa tsakanin duwatsu. Ƙayarta tana karyewa cikin tafin ƙafa, ba ta ciruwa da sauƙi. Takalmin roba na shiga ruwa ya fi duk wani magani.

Kafin in zauna a kowane gidan abinci, sai da na leƙa inda kifin ke fitowa. A gefen ƙauyen, kusa da tsohuwar hasumiyar fitila ta Mnarani, masunta ke sauke kamunsu a yi gwanjo a tsaye. A nan ne kuma masassaƙa ke haɗa jiragen katako masu tafiya da iska, waɗanda suke kira dau, da gizago da guduma, suna cusa auduga a tsakanin alluna don kada ruwa ya shiga. Wanda ya ga yadda ɗanyen kifi yake a wurin, ido garau, wurin numfashinsa ja wur, nama da tauri in an danna, ba za a sayar masa da na jiya da dare ba.

Wajen ƙarfe shida da rabi rana ke faɗuwa, nan take a fito da tebura kan yashi, a kunna fitilu, a hura gawayi. Ana jera kifi da jatan lande da kaguwa a kan ƙanƙara, ka nuna wanda kake so. A nan ake yawan samun saɓani: farashin da aka faɗa wani lokaci na kilo ne, mai ci kuma ya ɗauka na faranti ne. Ka tambaya, a auna a gabanka. Abin da ya fi burge ni shi ne pweza wa nazi. Pweza wata dabbar teku ce mai hannuwa takwas. Ana dukanta a kan dutse ko yashi har ta yi laushi, sannan a dafa ta a madarar kwakwa da kurkum da tafarnuwa da lemun tsami. In aka yi mata gaggawa sai ta zama kamar roba a baki. Wanda bai saba da kayan teku ba ya shiga cikin ƙauye, inda abinci ya fi araha nesa ba kusa ba: pilau wato dafa-dukar shinkafa mai ƙamshin kanumfari, mishkaki wanda ɗan'uwan tsirenmu ne amma ba ƙuli, chipsi mayai wato dankali soyayye cikin ƙwai, da ruwan rake da aka matse da citta.

Mutanen Zanzibar kusan dukkansu Musulmi ne, don haka nama bai zama abin damuwa ba, kuma ana jin kiran salla har bakin ruwa. Amma gidajen abincin gaɓa suna sayar da barasa, kuma daga ƙarfe goma kiɗa ke ɗaukar wuri. Mafi girman taron shi ne na cikar wata da ake yi a Kendwa Rocks ranar Asabar, sau ɗaya a wata, har asuba. Mai iyali ko mai son barci ya duba kwanan wata kafin ya kama ɗaki, ya kuma tambayi nisan ɗakin da wurin kiɗa, domin sauti na tafiya sosai a kan ruwa. Kayan wanka na bakin teku ne kawai. Cikin ƙauye ana rufe kafaɗa da gwiwa, kuma mutanen gari suna lura.

Masu tallar yawon jirgi, waɗanda ake kira papasi, za su bi ka. "Hapana, asante", wato "a'a, na gode", cikin fara'a ta wadatar. In kuwa za ka yi ciniki, kada ka biya duka tun daren, kuma ka tantance lokaci, don agogon Swahili daga fitowar rana yake fara ƙirga. Wanda ya ce maka saa mbili, wato awa biyu, ƙarfe takwas na safe yake nufi.

Daga Maris zuwa Mayu damina ce mai ƙarfi, wasu wuraren ma rufewa suke yi. Ni a Agusta na je, lokacin iskar kudu da suke kira kusi, kuma da dare sai da na nemi riga mai dogon hannu a bakin ruwan.