Da muka mayar da databes kan NAS, aiki ya koma tafiyar hawainiya

Ina kula da kwamfutocin wani ɗan kamfanin sari ne a wajen Kakuri, sito biyu gare su, duk cinikin da aka yi da rana sai a zuba shi cikin databes, wato rumbun ajiyar bayanai na kwamfuta, da yamma, manhajar PostgreSQL muke amfani da ita. Da can yana zaune ne kan SSD ɗin cikin sabar, faifan nan mai sauri da ba ya juyawa, zubin yamma bai cika minti 3 ba. Sai oga ya sayo NAS, akwatin nan mai faifai huɗu da ake jonawa a netwok, ya ce a kwashe komai a kai can tunda in faifai ɗaya ya mutu sauran za su riƙe. Maganarsa da hankali, ban musa ba. Na haɗa ta NFS, hanyar da saba ke amfani da faifan wata na'ura ta netwok, ran Asabar, ran Litinin da yamma Hajiya mai lissafi ta leƙo ta ce "Injiniya, kowa ya tashi abin nan bai gama ba, ga ni zan je Kawo cikin gosulo." Kusan rabin awa ya ci.

Kebul na fara zargi, don na sha gani, waya ɗaya cikin takwas ɗin ta tsinke sai layin gigabit ya sauko 100 ba tare da ya faɗa wa kowa ba. Na duba saurin layin da manhajar ethtool, 1000 cif, wato gigabit ɗin na nan. Na kwafi wani ƙaton fayil zuwa NAS ɗin yana gudu wajen MB 110 a sakan, wanda kusan iyakar layin kenan tunda 125 ne a lissafi. Nan na yanke hukunci NAS ba shi da laifi, kuma wannan kuskuren ne ya ci min kwana biyu, ina ƙara wa databes mimori, ina cire indes, jerin da ke saurin nemo bayani, ina mayarwa, ba abin da ya motsa. Furosesa kuwa zaune yake ba ya komai sai jira.

Ran Laraba na kira wani dattijo da na yi koyon aiki a hannunsa, ban ma gama bayani ba ya ce "Yaro, tirela ka auna, alhali mai kura ne ke maka dakon. Kunna pg_test_fsync a kan duka biyun ka kira ni." Manhaja ce mai auna sau nawa faifai ke iya tabbatar da rubutu, SSD ya ba ni sama da 1,000 a sakan, NAS bai kai 100 ba.

Sai a nan abin ya zauna min. PostgreSQL ba ya ce maka ya ajiye abu sai ya fara rubuta shi a littafinsa da ake kira WAL, sannan ya kira fsync, wato ya ce wa faifai kar ka amsa min sai ka tabbata abin ya sauka, ko da za a ɗauke wuta yanzu. Duk COMMIT, wato umarnin a tabbatar da abin da aka zuba, sai an yi wannan tsayuwar. Faifan NAS ɗinmu masu juyawa ne, 5,400 a minti, wato juyi 90 a sakan, kowane juyi kusan milisakan 11, ga shi an ɗaure su da RAID 5, tsarin da ke sa sauran su riƙe in ɗaya ya mutu, wanda ɗan ƙaramin rubutu sai ya karanto tsohon bayani da na kariya ya sake lissafi kafin ya rubuta biyun. Shi netwok ɗin da nake ta harara, zuwa da dawowa bai kai milisakan 1 ba. Babban fayil tafiya ɗaya ce an loda mota, mu kuwa katan ɗaya muke ba ɗan dako ya kai, ya tsaya a sa masa hannu a rasit, ya dawo ya ɗauki na biyu.

Kuma wlh rabin laifin nawa ne, don ni na rubuta manhajar zubin, kowane layi da nasa COMMIT, layi wajen 150,000. Ka raba da 90 ka ga mintunan da Hajiya ta zauna. Saurin SSD ne ya rufa min asiri duk tsawon lokacin nan.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne na kusa yin ɓarna. Na gwada kashe fsync gaba ɗaya, aiki ya tashi kamar walƙiya, har na ji daɗi. Da na faɗa wa Malam, dattijon nan, sai ya yi shiru, sannan ya ce "Sau nawa aka ɗauke muku wuta yau? Batirin inbatarku kuma shekararsa nawa?" Sau uku aka ɗauke a ranar. In wuta ta tafi ana tsakiyar rubutu ba fsync, databes ɗin na iya dagulewa yadda ba zai gyaru ba, kuma ba lallai ka gane a take ba sai ranar da ake neman bashin wani kwastoma. Ya nuna min wani saiti, synchronous_commit, wanda in ka kashe shi abin da za ka rasa bai wuce na ƙasa da sakan ɗaya na ƙarshe ba kuma databes ba ya lalacewa, amma ko shi ban so ba a kan kuɗin mutane. Haka in ka sa saitin async a ɓangaren NFS, NAS zai ce ya rubuta alhali abin na cikin mimorinsa, sauri ne na ƙarya.

Na gyara manhajar ta riƙa haɗa layi 5,000 kafin COMMIT ɗaya, sai tsayuwa 150,000 ta koma 30, zubin ya sauko ƙasa da minti 2 a kan NAS ɗin nan dai da nake zagi. Amma masu kanta da rana rasit ɗai-ɗai suke bugawa, su ba yadda za a haɗa musu, don haka na samu oga na ce ranka ya daɗe a bar databes ya koma SSD, mu ƙara na biyu su zama madubin juna, NAS ya riƙe bakof, wato kwafin ajiya don gudun ɓacin rana, da kwafin WAL. Bai ji daɗi ba tunda ya kashe kuɗi, sai da na buɗe masa lambobin biyu a allo ya ce to a yi ran Asabar bayan an rufe sito.