Batir da sola a jirgin ruwa mai filafilai, yadda na haɗa nawa

Kafin in sayi ko fiyus ɗaya biro da takarda na ɗauka, na zauna ina lissafin wutar da jirgin ke ci a awa 24. Duk wanda ya tambaye ni wane batir zai saka nan nake fara kai shi, galibi kuma haushi suke ji don su so suke kawai in ambaci suna su je su sayo. To batir ai randa ce, abin da ka zuba mata shi za ka ɗiba, in gidan na shan ruwa fiye da yadda ake kawowa ko randa goma ka jera wata rana sai ka ga gindinsu.

Babban maci a nawa firji ne. Kwamfuresansa na jan amf 4 zuwa 5 in ya tashi, kuma da zafi kusan rabin lokaci a tashe yake, kaga wajen 50Ah kenan a rana shi kaɗai (Ah na nufin amf-awa, wato amf sau awannin da aka yi ana jansa). Sai na'urar da ke riƙe sitiyari da kanta, ita kam ba ta da tabbas, in teku a kwance yake kaɗan take ci amma da igiyar ruwa ta fara dukan jirgi ta gefe sai ka ji injin na'urar na ta gurnani tana gyara hanya, wuta na tafiya. Fitilu duk na mayar da su LED don haka ba su kai a yi maganarsu ba. Na haɗa da rediyo da taswirar GPS da famfon ruwa da cajin waya da laftof, lissafi ya tsaya kusan 100Ah.

Daga nan rigimar batir ta taso, na dalma ko litiyum. Na dalma, ko mai ruwa ko AGM wanda aka like ba a ƙara masa ruwa, tsohon hannu ne tun 1859 da Gaston Planté ya ƙirƙiro shi a Faransa, kuma har gobe yana aiki, matsalarsa dai in kana so ya daɗe rabinsa kawai za ka taɓa, wato 200Ah a rubuce 100Ah a aikace. Amma ni abin da ya fi raba ni da shi ma ba wannan ba ne, cikawarsa ce. Yana shan caji da sauri har wajen kashi 80, daga nan sai ya koma kurɓa kaɗan-kaɗan na sa'o'i, rana tana zuba wuta shi kuma yana ƙin karɓa, kafin ya cika yamma ta yi, gobe ma haka jibi ma haka, kuma batirin dalma da ke kwana ba a cike ba kullum farantan cikinsa ke daskarewa da salfet ƙarfinsa na raguwa kai ba ka sani ba. A jirgin da ke kwana a kan anka, ƙarfen nan da ake jefawa ƙasan ruwa ya riƙe jirgi, ba a tashar da ake jona wuta ba, wannan ce ke kashe yawancinsu.

Na ɗauki litiyum irin LiFePO4, 200Ah. Ba irin na waya ba ne fa, wannan ya fi shi juriyar zafi nesa ba kusa ba, sel huɗu kowanne bolt 3.2 su ba ka 12.8. Kana iya ɗibar kashi 80 ko fiye ba damuwa, yana karɓar duk abin da sola ta kawo kusan har ya cika, ba ya kuma damuwa in ya kwana a rabi. Nauyi ma, AGM 100Ah na kai kilo 30, litiyum mai 100Ah ko rabi bai kai ba, wanda ya taɓa fito da batir daga ƙarƙashin gadon jirgi a durƙushe ya san abin da nake nufi.

Sai dai litiyum na zuwa da sharuɗɗansa, kuma masu yabonsa ba su cika faɗa ba. Altanetan injin, wato na'urar da ke cajin batir in injin na aiki, ba a yi shi don ya yi ta ba da iyakar ƙarfinsa awa da awa ba, shi kuma litiyum ba ya ƙoshi da wuri, sai altaneta ya yi zafi har ya ƙone. Sannan akwai BMS, allon da ke gadin batirin, in ya ga abin da bai yi masa ba yanke layi yake nan take, to in ya yanke injin na cikin caji wutar ba ta da wurin zuwa, dayod ɗin altaneta su ke biya. Shi ya sa na bar batirin tada injin na dalma yadda yake, altaneta na cajinsa, na sa cajar DC-DC mai amf 30, wadda ke ɗibar wuta a ƙayyade daga batir zuwa batir, tsakaninsa da litiyum. Kuma ba a cajin LiFePO4 in sanyi ya yi ƙasa da digiri 0, wanda ke ajiye jirgi a ƙasar sanyi ya duba ko BMS ɗinsa na hana hakan da kansa.

Kallon bolt don sanin sauran caji ma ya daina amfani, wannan batir a 13.2 ko 13.3 yake zaune ko yana da kashi 70 ko 40, sai dab da ƙarewa ya faɗo gaba ɗaya. Mita mai shant na saka a layin negatib tana ƙirga abin da ya shiga da abin da ya fita, wallahi cikin kayan nan duka ita ta fi koya min abu.

Ita ce ma ta nuna min zancen inuwa. Wat ɗin da aka rubuta a bayan fanel ɗin sola a ɗakin gwaji aka auna shi, hasken wat 1000 a kan murabba'in mita, sel yana digiri 25, fanel ɗin da ke kwance a rana kuwa ya wuce haka sosai kuma duk digiri ɗaya na ƙari yana zaftare wajen kashi 0.4. Wannan duk mai sauƙi ne. Jirgin filafilai inuwa ce ko'ina, ga doguwar sanda ga ta kwance ga wayoyin da ke riƙe su ga filafilin kansa, jirgin kuma yana ta juyawa a kan anka. Na ɗora fanel a rufin ɗaki don gwaji ina zaune ina kallon mita, tana nuna amf 11, iska ta ɗan karkata jirgin inuwar sandar kwance ta hau layi ɗaya na sel, faɗinta bai fi tafin hannu ba, lamba ta zube zuwa 4. Sel ɗin a jere suke kamar sarƙa, wanda ya shiga duhu shi ke riƙe sauran. Na kwance igiya na tura sandar gefe lamba ta dawo.

Don haka na yi firam na ƙarfen da ba ya tsatsa can bayan jirgi inda inuwa ta fi ƙaranci, na ɗora fanel biyu masu gilashi wat 200 kowanne. Masu lanƙwasuwar nan da ake mannawa suna da kyan gani amma iska ba ta bi ta ƙasansu, zafi ke cinsu, ba sa kai masu gilashi shekaru. Kowane fanel na ba shi kwantirolansa na MPPT, na'urar da ke daidaita wutar fanel kafin ta shiga batir, in ɗaya ya shiga inuwa ɗayan bai ma sani ba. A lissafina fanel wat 100 na ba da wajen 30Ah a rana mai kyau, wat 400 ya rufe 100Ah ɗin har da ɗan rara.

Waya kuma dan Allah a sayi ta jirgi mai rufin kuza a kan tagulla, mai kauri. Na yanke wata tsohuwa da na tarar a jirgin, a waje lafiya lau, ina fere robar sai ga tagullar ta yi baƙi tana marmashewa da koren gari, gishiri ya bi ta ciki ya yi nisa. Fiyus ɗin babban layi irin Class T mai iya yanke wuta mai ƙarfi sosai na saka don litiyum in ya yi shot wutar da yake saki ba ta wasa ba ce, ƙa'idar ABYC, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin jiragen ruwa a Amurka, ma cewa ta yi kar ya wuce inci 7 daga kan batir.

Yanzu a kan anka da wuya in tada injin don caji. Doguwar tafiya ce har yanzu ke ba ni aiki, dare ya yi na'urar sitiyari na ci, fitilun hanya na ci, da rana kuma filafilin ya tare rabin hasken in hanya ta sa rana na ta ɓangarensa, in aka haɗa da hadari kwana biyu dole in kunna injin awa ɗaya ko biyu. Ina ta tunanin ƙara fanel na uku da zan riƙa ratayawa a dogarin gefe ina juya shi yana bin rana, abin da ya tsayar da ni kawai inda zan cusa shi in teku ya tashi.