Kalmar da Hajiya ta riƙe

Talata, bayan isha'i.

Ruwan da aka kwana ana yi bai ɗauke ba sai wajen ƙarfe takwas, shi ya sa ban fita da sassafe kamar yadda na tsara ba. Na zauna a ɗaki na baje takarduna a kan katifa: fasfo, shaidar haihuwa, sakamakon sakandare, digirina na Jami'ar Bayero, takardar gama bautar ƙasa, sai wasiƙar gurbin karatu da aka turo mini daga Hanofa a ƙasar Jamus, inda zan yi digiri na biyu a kan sarrafa albarkatun ruwa. Na sake duba abin da ya hana ni barci kwana uku. A fasfo sunana Muhammad, a takardar sakandare Mohammed. Sunan marigayi Baba kuma Abdullahi a nan, Abdulahi a can, harafi ɗaya ya faɗi. Shekara da shekaru ina yawo da takardun nan, ba wanda ya taɓa ɗaga ido ya tambaye ni. Mu a wurinmu duk suna ɗaya ne. Amma wanda zai karɓi fayil ɗina bai san ni ba, bai san gidanmu ba, takarda kawai ya sani, kuma in takarda biyu suka saɓa, to mutum biyu yake gani.

Daga Gwammaja na tari adaidaita sahu zuwa sakatariyar Audu Bako don in yi takardar rantsuwa a kotu. Ruwa ya kwanta a hanya, mai adaidaitan yana ta kewaye ramuka, ni kuma na rungume jakar takardu a ƙirji kamar jariri. A can ban sha wahala ba. Aka buga cewa mai sunan nan da mai sunan can mutum ɗaya ne, na sa hannu, aka buga hatimi. Wata baiwar Allah da muke zaune a benci ɗaya ita shekarar haihuwa ta zo gyarawa, mijinta yana Saudiyya zai ɗauke ta. Muka yi wa juna fatan alheri.

Sai Wapa, kasuwar ƴan canjin kuɗi ta Kano. Nan ne zuciyata ta yi nauyi.

Jamus ba ta ba ɗalibi izinin zama sai ya nuna yana da abin da zai ci shekara guda ba tare da ya ɗora wa kowa nauyi ba. Adadin da suka yanka Yuro 11,904 ne, a zuba shi a wani asusu da ake kullewa a can, ba ka da ikon taɓa shi gaba ɗaya, sai dai duk wata a sakar maka Yuro 992. Kuɗinka ne, amma da cokali za a riƙa ba ka. A canjin yau ya tasam ma naira miliyan 20. Yawancin jami'o'in gwamnati a can ba sa karɓar kuɗin makaranta sai ɗan abin da ake biya duk zango, wannan ne ma ya sa na zaɓi ƙasar, amma wannan asusun shi ne katangar da ke tare irinmu. Ni filin da Baba ya bar mana ne aka sayar. Yaya da ƙannena mata biyu suka yafe mini kasonsu zuwa lokacin da zan iya biya, ba wanda ya ce a rubuta, ni ne na dage sai da aka rubuta a gaban Kawu.

Kawun ne ya raka ni wurin wani abokinsa ɗan canji. Mutumin ya jawo kalkuleta ya danna, ya juyo mini da ita ba tare da ya ce uffan ba. Na ƙura wa lambobin ido. Filin da Baba ya kai ni ina yaro, ya nuna mini iyakarsa da sandar hannunsa, yau shi ne ya koma ƴan takardu da ba su cika ambulan ɗaya ba. Kawu ya lura da fuskata, ya dafa kafaɗata ya ce, "Ɗana, ƙasa ba ta gudu. In Allah ya ba ka, ka sayi wanda ya fi shi." Na ce, "Allah ya sa, Kawu." Rabi muka saya yau muka kai banki, ya ce a dakata da sauran zuwa jibi ko farashi zai ɗan sauko.

Da azahar na tsaya wurin mai hoto a Fagge. Hoton nasu ma da ƙa'idarsa: milimita 35 a 45, baya fari tas, fuska ta cika shi. Ya ce in cire hula, in rufe baki, kada in yi murmushi. Ya wanke mini guda takwas. Da na duba sai na ga kamar ba ni ba, ban saba ganin kaina ba hula ba.

Mutane da yawa a unguwa suna zaton da an buga biza shi ke nan. Ni ma haka na ɗauka kafin in shiga lamarin. Bizar da zan je nema a ƙaramin ofishin jakadancin Jamus da ke Legas, wadda kuɗinta Yuro 75, ta shiga ƙasar ce kawai, ta ɗan lokaci. In na sauka, cikin kwana 14 da samun ɗaki sai na je na yi rajistar adireshina a hukumar gari. Sai inshorar lafiya, sai rajista a jami'a, sannan in kwashi duka in kai ofishin kula da baƙi. Su ne za su ba ni katin izinin zama na wucin gadi, na shekara ɗaya ko biyu, in ya ƙare a sabunta, matuƙar karatun yana tafiya kuma akwai abin ci. Katin ya yarda ɗalibi ya yi aiki cikakken yini 140 a shekara, ko rabin yini 280. Da wannan nake sa ran tara na shekara ta biyu, don babu wani filin da za a sake sayarwa.

Duk wannan ba shi ne ya sa na ɗauko littafin nan ba. Abin da ya faru bayan magariba ne.

Hajiya tana zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta tana jan carbi, na kai mata rahoton yini kamar kullum. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Wannan katin da kake ta faɗa, na wucin gadi ka ce ko?" Na ce e, Hajiya. Ta ce, "Wato ka gama ka dawo."

Na san inda tambayar ta fito. Ƙaninta ya tafi aikin hajji tun kafin a haife ni, ya ce wata biyu zai yi. Bai dawo ba. Ya zauna a can ba iƙama, shekaru yana ɓuya, ko rasuwar kakarmu bai samu zuwa ba, don in ya fito ba shi da hanyar komawa wurin iyalinsa. A can aka binne shi. Tun ranar da na fara maganar tafiyar nan, na san fuskarsa take gani in ta dube ni.

Da na ce e, da ta yi barci mai daɗi yau. Amma ban iya ba. Na ce, "Hajiya, bari in faɗa miki yadda abin yake." Na gaya mata cewa bayan an gama karatu, dokarsu tana ba mutum wata 18 ya nemi aiki, in ya samu sai a canza masa katin zuwa na ma'aikaci, daga nan kuma akwai na dindindin ga wanda ya so. Na ce ina da bashin ƴan'uwana a wuyana, kuma ba na jin albashin nan zai iya biyansa, don haka zai yi wuya in dawo ranar da na ajiye alƙalami. Abin da zan iya yi mata alƙawari shi ne ba zan taɓa zama a ƙasar mutane ba takarda ba. Wannan wahalar ta kotu da hatimi da hoto da nake sha, amfaninta ke nan: mai kati yana iya hawa jirgi ya zo gida da salla ya koma, ba ya ɓuya, ba ya jin labarin gida daga nesa ya kasa motsi.

Ta daɗe ba ta ce komai ba. Carbin ya tsaya a hannunta. Daga masallacin layinmu aka fara kiran isha'i. Can ta ce, "Na ji, kuma na gode da ba ka rufe ni ba. Amma ni dai wucin gadin nan na ji, shi zan riƙe, a kansa zan riƙa yi maka addu'a." Na ce Allah ya ƙara girma. Muryata ba ta fita sosai ba.

Da zan tashi ta ce in nuna mata hotunan. Ta kai ɗaya kusa da fitila ta daɗe tana dubawa, ta ce me ya sa na ɓata rai, na ce haka suka ce a yi. Ta tambaya ko duka takwas ɗin za su karɓa, na ce a'a. Ta ɗauki ɗaya ta sa a cikin jakar da take ajiye Alƙur'aninta, ta miƙo mini sauran.

Gobe in Allah ya kai mu zan koma banki in ji ko kuɗin yau sun shiga, sannan in je a ɗauki takardar rantsuwar a kwamfuta in haɗa ta da sauran. Bakwai ɗin da suka rage na sa su a ambulan ɗin fasfo, na naɗe a leda saboda damina.