Kwali goma sha ɗaya da na hargitsa da hannuna

Har yau idan ƙawayen Inna suka tambaye ta aikin da nake yi a jami'a, sai ta ce musu, "Gadin tsofaffin takardu take yi." Da farko abin yana ƙona mini rai, ganin shekara uku na kwashe a ESSTIC, makarantar koyon aikin jarida da adana bayanai da ke Yawunde a Kamaru, ina koyon wannan sana'a. Yanzu na ƙyale ta, don ba ta yi nisa da gaskiya ba. Ɗakina shi ne wanda kowa ke kira arshib, wato ma'ajiyar tsofaffin takardu, can ƙarshen baranda, inda ba mai leƙowa sai wanda wata takarda ta ɓace masa.

Watana biyu da kama aiki na yi ɓarnar da har yanzu ban gama gyarawa ba. An kawo mini kwali goma sha ɗaya na dosiye, wato fayil-fayil, na tsofaffin ɗaliban wani sashe. A idona ba su da kai ba su da gindi: wannan na shekara kaza, na kusa da shi na wata shekarar, ga wasu takardu warwara a tsakani, ba ƙusa ba zare. Zafin sabon shiga ya ɗebe ni. Na ce bari in nuna musu an kawo mai ilimi. Na zazzage su duka a kan tebur, na jera su bisa harufan suna, daga A har Z, na haɗe dukkan shekarun wuri guda. Warwarar takardun kuwa na tara su a kwali ɗaya, na rubuta masa "sauran". Sati uku na yi ina wannan aiki, ina jin daɗin kaina.

Ba wai ba a koya mana ba. Darasin farko ke nan a makaranta: kada ka gauraya takardun wani ofis da na wani, kuma kada ka taɓa jerin da mai su ya bar su a kai. Faransawa ne suka kafa rabin farko na wannan ƙa'ida tun 1841. Ni dai na haddace ta don jarrabawa, na bar ta a can.

Abin da ban lissafa ba shi ne sunayenmu. A nan arewacin Kamaru Mohamadou nawa ne? Wani magatakarda ya rubuta da m ɗaya, wani da biyu, wani ya rubuta Mouhamadou, ɗan Cadi kuma Mahamat. Mutum guda sai ka same shi da rubutu iri uku a takardu uku. Ranar haihuwa ma ba ta raba gardama, don da yawa an rubuta musu "an haife shi wajen shekara kaza", wasu kuma an manna musu 1 ga Janairu kawai. Abu ɗaya ne ba ya ƙarya, lambar matirikil da ake ba ɗalibi ranar da ya yi rajista. Ashe da ita aka jera kwalayen nan, shekarar shiga bayan shekarar shiga. Takardun da na kira "sauran" kuwa, yawancinsu ba lamba a jikinsu. Wurin da suke kwance shi ne kaɗai ke faɗin ta wane ce, ni kuma na ɗaga su.

Ban san girman abin ba sai da wani malamin makaranta, tsohon ɗalibin sashen, ya zo daga Njamena. Ambaliyar 2022, lokacin da kogunan Shari da Logon suka cika suka batse, ta shiga gidansu ta cinye masa duk takardunsa. Yana neman ƙarin girma a wurin aiki, an ce sai ya kawo shaidar digirinsa da takardar maki. Ya ƙetaro gadar Ngeli zuwa Kusiri, garin kan iyakar Kamaru, ya biyo mota har nan, da 'yan kuɗin da ba za su kai shi mako biyu ba. Lambarsa ya manta. Na duba jerina mai kyau, na tarar da mutum huɗu masu sunansa da sunan mahaifinsa, biyu daga ciki 'yan Cadi. A dosiye ɗaya babu takardar makin shekara ta biyu. Na san inda take: tana cikin "sauran", tare da ɗaruruwan 'yan'uwanta.

Kwana uku ina ce masa, "Malam, ka yi haƙuri, ka dawo gobe." Shi kuma ya ce, "Ba komai, Malama, Allah ya ba da sa'a," ya koma ɗakin wani ɗalibi ɗan garinsu a minisite, gidajen hayar ɗalibai, inda yake raɓe. Haƙurin nan nasa ya fi zagi yi mini ciwo.

Masinjanmu ne ya ce in nemi wani dattijo da ya yi shekaru yana buga tafireta a sashen, ya yi ritaya yana zaune a unguwar Hausawa. Na je da goro. Da na gama ba shi labari, sai ya yi shiru, can ya ce, "'Yata, wa ya aike ki?" Na ce, "Baba, ba kowa." Ya ce, "To, ai shi ke nan. Takarda ma da danginta, kin raba su. Amma kin taɓa manyan rajistocin nan masu baƙin bango?" Na ce ban taɓa ba. Ya ce, "Allah ya rufa miki asiri."

Washegari ya hau moto ya zo. Bai tambayi malamin sunansa ba. Ya tambaye shi da wa da wa suka shiga, wa ya koya musu a shekarar farko, a wane ɗaki suka yi jarrabawa. Daga nan ya ciro rajistar shekarar, muka sami lambar. Da lambar muka koma kan takardun zaman malamai, waɗanda ake kira PV, inda ake rubuta makin kowa a sa hannu bayan an tantance. Wannan ita ce uwa. Takardar maki da ake ba ɗalibi kwafi ce kawai daga cikinta, kuma da ita muke amsa wa ma'aikatun da ke aiko mana da difloma su ce mu duba ko ta gaske ce. A kwana na tara malamin ya karɓi takardarsa da hatimi. Ya so ya ba ni kuɗin goro, na ce ya kai wa Baba.

Sauran abokan gāban takarda sanannu ne. Gara ita ce babba, shi ya sa kantocina na ƙarfe ne, ba sa jingina da bango, kuma ba kwalin da ke taɓa ƙasa. Ƙurar hunturu tana shiga ko'ina. Da damina danshi ke sa ƙusar takarda ta yi tsatsa ta ci kusurwa, don haka cire su nake yi ɗaya bayan ɗaya. Biro ba ya shiga ɗakina, sai fensir. Takardun faks kuwa, masu santsin nan, da yawa sun koma farare fat, kamar ba a taɓa rubuta komai a kai ba.

Manya suna son jin kalmar sikan. Suna ganin da an ɗauki hoton takarda an zuba a kwamfuta, magana ta ƙare. Ina da kwali guda na disket, babu na'ura ko ɗaya a ofishinmu da ke karanta su, alhali rajistar da aka rubuta da hannu a zamaninsu tana nan garau. Ina yin sikan, amma kwafi uku nake ajiyewa a wurare dabam-dabam, kuma ba na yar da asali. Abin da ya fi damuna ma shi ne na yau: sanarwa ta fita a WhatsApp, an canja ranar jarrabawa, an karanta, an wuce. Idan ban buga ta na ajiye ba, bayan shekara goma babu ita.

Akwai kuma riƙon sirri. Wani Alhaji ya taɓa zuwa yana son ganin makin yaron da ke neman 'yarsa, wai yana shakkar digirin. Na ce, "Ranka ya daɗe, sai dai shi ya zo da kansa." Ya fita yana cewa yaran yanzu ba su da kunya.

Jami'o'inmu na arewa duka yara ne. Ngaundere ta zama cikakkiyar jami'a a 1993, shekarar da aka raba jami'ar Yawunde ƙasar ta sami jami'o'i shida. Marwa ta biyo a 2008, Garwa a 2022. Wato waɗanda suka ga farkon abin da idonsu da yawa suna raye, suna zaune a ƙofar gida. Marigayi Eldridge Mohammadou, masanin tarihi, ya bi fadojin lamidai yana ɗaukar tarihi daga bakin dattawa kafin su ƙare, kuma da abin da ya tattara masu bincike ke aiki har yau. Wannan ya sa na fara zuwa wurin Baba ran Asabar da wayata. Ya gaya mini dalilin da ya sa rajistar wata shekara take da tawada kala biyu, da ma'anar ɗan gicciyen da yake sawa da fensir a gefen wasu sunaye: waɗanda suka biya rabin kuɗin rajista ne, yana jira su cika.

Cikin kwali goma sha ɗayan nan, bakwai sun koma yadda suke. "Sauran" ya ragu zuwa takarda ɗari da 'yan kai. Baba yana gane wasu ta bakin tafiretarsa, wadda harafin e ɗinta ke ɗan ɗagawa sama, sai dai idonsa ya fara rauni, ba ya wuce awa ɗaya yana dubawa.