Alhamis a Zuru: yau ni na ba da waƙa

Hunturu ya kankama. Da safe hazo ya rufe duwatsun bayan gari, leɓɓana duk sun tsage. Ɗinkin Kirsimeti ya taru mini a shago, amma ƙarfe 4 na yi na rufe keke na nufi majami'a. A da sai bayan an ci tuwon dare muke koyon waƙa, da fitila. Tun da hanyoyi suka lalace muka dawo da shi yamma, don masu zuwa daga bakin gari su koma gida da sauran haske.

Mu 23 ne a kwaya, wato ƙungiyar mawaƙan majami'a, idan kowa ya zo. Akwai malaman firamare, akwai mai sayar da hatsi, da 'yan makaranta, da ni tela. Ba a biyan kowa ko sisi, mu ne ma ke tara naira 200 duk mako saboda anko.

Malam mai koya mana waƙa ya cika allo da do, re, mi, ya raba mu murya huɗu. Ni ina murya ta biyu. Mun fi rabin awa a kan baiti ɗaya na wata waƙa da aka juyo daga Turanci, wadda ta ambaci garin Baitalami. Karin waƙar yana jan gaɓar farko ta "gari", ga shi da Hausa in ka ja ta, ka koma maganar garin tuwo. Malam ya ce mu gajarta ta ko da ba haka aka rubuta a allo ba. Na ji daɗin wannan hukunci har raina. Tsofaffin da ke zama a bencin gaba kalmomi suke saurara, kuma hakkinsu ne su ji abin da muke faɗi.

Da muka koma waƙoƙinmu na gida, na bayarwa da amshi, sai ga muryar Mama mai ba da waƙa ta dushe. Ta gwada sau biyu, ta dafa maƙogwaro, ta juyo ta dube ni.

"Ɗiyata, taso ki karɓa."

"Mama, ban taɓa ba."

"Shekara 3 kina bayana, duk kin haddace. Taso."

Gwiwoyina suna rawa na fita. Aka buga tulu, wannan sauti mai zurfi da ake ji a ƙirji kafin kunne, caki ya shigo, na jefa baitin farko. Ashe mai bayarwa wata duniya yake ji. Daga cikin layi muryar maƙwabciyarka kawai kake kamawa, daga gaba kuwa amshin gaba ɗaya yake taso maka kamar ruwan sama a kan kwano.

A cikin amshin nan na tsinci wata murya da ban sani ba. Wata baiwar Allah ce da ta baro ƙauyensu ta wajen Wasagu ita da 'ya'yanta, wata biyu ke nan tana zama a bencin baya ba ta buɗe baki. Yau ta buɗe, idonta a rufe, tana tafi a hankali. Na maimaita baitin ƙarshe har sau uku don kada ta yi shiru. Malam ya gane, bai tsayar da ni ba.

Mun tashi kafin ƙarfe 6. Na aika wa Mama citta da zuma ta hannun jikanta. In muryarta ba ta dawo ba, ranar Lahadi ma ni ce, ga riguna 5 suna jirana kafin Asabar.